Masu kama kifi su sake shi: fatsar teku da kifin Komadugu

Ran nan da la'asar, a bakin Komadugu kusa da Shetimari, na tarar da samari sun kewaye wayar salula suna ta dariya. Na leƙa. Hoto ne mai motsi. Ga wani Bature cikin jirgin ruwa a tsakiyar teku, yana ta fama da sandar fatsa, gumi na zuba. Can sai ga kifi ya ɓullo, tsawonsa ya fi na mutum. Yaran jirgi suka riƙe shi a gefe, aka ɗauki hoto, aka cire ƙugiya, aka sake shi ya tafi abinsa.

Wani dattijo masunci yana zaune kusa, yana ɗinkin kalli. Ya ce a nuna masa. Da ya gani sai ya ce: "Malam, wannan mutum lafiyarsa ƙalau kuwa? Ya sha wahala, Allah ya ba shi, ya mayar?" Na ce: "Baba, ba ma nan abin ya tsaya ba. Kuɗi ya biya kafin ya shiga jirgin." Dattijo ya girgiza kai, ya koma kan ɗinkinsa.

Tambayar Baba tana da ma'ana. Shi ya sa za mu yi bayanin wannan irin kamun kifi: su wa ke yin sa, ta yaya ake yin sa, kuma don me ake sakin kifin. Cikin maganar akwai abin da ya shafi tukunyarmu, mu mutanen bakin kogi.

Wace irin aba ce teku?

Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Daga Diffa, in mutum ya miƙe kudu, sai ya ratsa Najeriya duka, wajen kilometir 1000, kafin ya iske ruwan gishiri. Sunan wannan teku Atlantika. Ita ce ke bakin Kamaru da Najeriya da Benin da Gana har zuwa Senegal.

Ruwan teku ba ya shayuwa. Cikin kowane litir guda akwai gishiri wajen giram 35, watau kamar babban cokali 2. Ba a ban ruwan tattasai da shi. Tarwaɗarmu da gaiwarmu ba za su rayu cikinsa ba. Kifin teku dabam ne, nasa iri ne.

Ga wani abu kuma. Komaduguwarmu sau ɗaya take cika a shekara. Teku kuwa, a bakin waɗannan ƙasashe, sau 2 take tasowa ta janye cikin kwana guda. Wata ne ke jan ruwan. Sabili da haka masuncin teku yana duban wata kamar yadda manomi ke duban hadari.

Yadda ake tafiyar

Masu wannan fatsa ba masunta ba ne. Yawancinsu masu hali ne daga Faransa da Italiya da Ingila da Amurka, da wasu attajirai na Afirka. Suna da aikinsu a gida. In sun sami hutu sai su hau jirgin sama, su sauka a Dakar ta Senegal, ko tsibiran Kap Ber, ko tsibiran Bijagos na Gini Bisau, ko Gabon. A gabashin Afirka kuma akwai Malindi ta ƙasar Kenya. Suna kwana a masauki, su yi hayar jirgi mai inji tare da direbansa da yaransa. Kuɗin hayar yini guda yakan fi abin da masuncinmu ke samu cikin wata.

Da asuba ake fita. Wani lokaci sai an yi nisa har ƙasa ta ɓace wa ido, ba a ganin komai sai ruwa da sama. Wanda bai saba ba, jiri da amai ne ke fara gaishe shi. Jirgi yana tafiya a hankali, ana jan ƙugiyoyi a bayansa. Koton da ake sawa, wani na gaske ne, ƙaramin kifi. Wani kuma na roba ne mai ƙyalli, an yi shi da kamar kifi mai gudu. Babban kifi yana gani sai ya ɗauka abinci ne, ya kai cafka.

Kifayen da suke nema ba su da suna a Hausa, don ba mu da su. Akwai marlin, mai dogon baki mai tsini kamar mashi. Akwai ɗan'uwansa mai babban fiffike a baya, wanda yake buɗewa kamar an shanya zane. Akwai tarpon, mai farin ɓawo kamar azurfa, kowane ɓawo ya kusa faɗin tafin hannu. Shi tarpon yana da wata ɗabi'a da muka sani: yakan taso sama ya haɗiyi iska, kamar yadda tarwaɗa ke yi in ruwan tabki ya lalace. Namansa ƙaya ce tsantsa, ba a cika son sa a tukunya ba. Ana neman sa ne don ƙarfinsa da tsallensa.

A shekarar 1939 aka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna IGFA. Ita ce ke rubuta kifi mafi girma da aka taɓa kamawa da fatsa, iri iri. Cikin littafinta akwai tarpon mai kilo 130 da aka kama a tsibirin Rubane na Gini Bisau a 2003. Akwai marlin mai kilo 636 da aka kama a Birazil a 1992. Akwai wani baƙin marlin mai kilo 707 da aka kama a Peru tun 1953. Ku kwatanta: buhun gero na kilo 100 sau 7, kifi guda.

To, ga abin mamaki. Zaren da ake wannan fatsa da shi siriri ne. Kowane zare an auna ƙarfinsa, an rubuta. Wani yana tsinkewa in an ja shi da nauyin kilo 24, wani kilo 37, mafi ƙarfi kilo 60. Yaya zaren kilo 60 zai riƙe kifin kilo 600?

Amsar biyu ce. Ta farko, ruwa ne ke ɗauke da nauyin kifi. Duk wanda ya taɓa ɗaga yaro cikin kogi ya san haka. Ta biyu, a jikin sandar akwai wani kwarkwaro na ƙarfe mai naɗe zare, kuma yana da birki. In kifi ya fizga da ƙarfi, birki yana sakin zare kaɗan kaɗan, ba ya barin ya tsinke. Kifi ya yi ta gudu da zare. In ya gaji ya tsaya, mai fatsa ya naɗo. Kifi ya sake gudu, a sake ba shi. Haka za a yi ta yi, wani lokaci rabin awa, wani lokaci awa 4 ko fiye. Kamar mai horon ɗan maraƙi ne: ba ka ja da ƙarfinsa, kana jira ya gaji. Dokar ƙungiyar ta ce, muddin ana wannan kokawa, ba wanda zai taɓa sanda ko zare sai mai fatsa shi kaɗai. In wani ya sa masa hannu, ba za a rubuta kifin ba.

Don me ake saki?

Da can ba a saki. Ana kashe kifin ne, a rataye shi a bakin ruwa, a auna, a ɗauki hoto. Da tafiya ta yi tafiya sai masu jirage suka ga manyan kifaye suna raguwa. Ba ƴan fatsa kaɗai suka jawo haka ba, manyan jiragen kamun kifi na kasuwa sun fi su ɓarna nesa. Amma masu hayar jirage sun gane abu guda. In babu babban kifi, baƙo ba zai zo ba. Kifin da aka kashe, sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Wanda aka saki, wani baƙo zai iya biya don ya kama shi baɗi. Ke nan ba tausayi kaɗai ba ne, akwai lissafi. A jihar Fulorida ta Amurka, tun 2013 doka ta mayar da tarpon kifin da ake kamawa a saki.

Masana kifi sun ƙara da wani dalili. Cikin marlin, manya manyan duk mata ne. Namiji ba ya kai rabin girman babbar mace. Kuma mace, gwargwadon girmanta gwargwadon yawan ƙwanta. Wanda ya kashe ƙatuwar marlin ya kashe uwar garke ne. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Sakin ma yana da ƙa'ida. Ana amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki, ba ta shiga ciki ta yaga hanji. Ba a fitar da babban kifi daga ruwa. Ana riƙe shi a gefen jirgi, jirgi na tafiya sannu sannu, ruwa na ratsa bakinsa, har ƙarfinsa ya komo. Wasu sukan soka masa ƴar alama ta roba mai lamba a baya. In an sake kama shi a wani wuri, sai a duba lambar, a san nisan da ya yi da girman da ya ƙara. Ta haka aka gane marlin yana iya ratsa teku daga wannan gaɓa zuwa waccan. Duk da haka ba duk wanda aka saki ke rayuwa ba. Wani gajiya ke kashe shi, wani manyan kifaye masu cin nama ke tarar sa yana rangaji.

Kada mu ɗauka komai na wannan sana'a alheri ne. Gaskiya ne direban jirgi da yaransa da masu dafa abinci da masu wanki suna samun aiki, gwamnati kuma tana karɓar kuɗin takardar izini. Amma sau da yawa masauki da jirage na baƙi ne, babban rabo waje yake komawa. Kuma talakan masunci na Senegal ko Gambiya ko Muritaniya, damuwarsa ba marlin ba ce. Damuwarsa ƙaramin kifin da iyalinsa ke ci, wanda masana'antu ke saye suna niƙawa gari, ana kai wa kifin kiwo da dabbobi a ƙasashen waje. A ganina, wannan ita ce babbar magana a bakin tekun, ba hoton Bature da kifinsa ba.

Mu ma muna da su na wasa

Kamun kifi don gasa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ta jihar Kabi, tun 1934 ake bikin su, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada lokaci guda, kowa da komarsa da gorarsa. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ya ci. A 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. A nan kusa da mu ma, can saman koginmu a ƙasar Bade, jihar Yobe, akwai bikin su na Gorgaram.

Me ya sa ake samun giwan ruwa mai kilo 70 a Matan Fada? Don an hana su a wannan wuri sai ranar biki. Sarkin Ruwa ne ke tsaron wannan doka. Kakanninmu ba su san marlin ba, amma sun san ruwan da aka bari ya huta shi ke ba da babban kifi. Giwan ruwa kuwa, in ya samu shekaru, yana wuce kilo 100. A tabkin Nasar na ƙasar Masar, a shekarar 2000, an kama mai kilo 104 da fatsa. Shi ma, kamar marlin, mafi girma mata ne.

Daga ina kifinmu ke zuwa?

Yanzu mu komo gida. Komadugu ba a Nijar ta faro ba. Ruwan saman da ya zuba a ƙasar Kano da tuddan Jos da Bauci shi ke taruwa cikin kogin Haɗeja da kogin Jama'are. Su biyun suna ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, su haɗe, su wuce Gashuwa da Gaidam. Daga yankin Maine Sorowa kogin ya zama iyaka tsakaninmu da Najeriya, wajen kilometir 150. Ya wuce Shetimari da Diffa da Geskeru, ya faɗa tabkin Cadi a wajen Boso.

Shi ya sa cikar koginmu ba ta zuwa tare da damina. Ruwa yana tafiya ne a hankali, yana cika fadama bayan fadama. Galibi yakan iso mana wajen watan Yuli, ya yi ta ƙaruwa har bayan kaka, cikin sanyi. Daga nan ya fara ja da baya. Da bazara sai ya yanke, ya bar tabkuna da gurabe.

Kifi yana bin wannan tafiya sau da ƙafa. In sabon ruwa ya zo, manyan kifaye suna fitowa daga gurabe masu zurfi da kuma tabkin Cadi, su haura, su shiga ciyawar da ruwa ya rufe. A nan suke zuba ƙwai. Kowane iri da dabararsa. Bargi yana share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa, uwa da uba suna gadi. Yauni ma yana sheƙa, tasa tana yawo bisa ruwa, kuma kowane masunci ya san ba a kusantar yauni mai gadin ƙwai da hannu sake. Karfasa, wata irin, uwar tana ɗauke ƙwan cikin bakinta, ba ta cin abinci har su ƙyanƙyashe. Ko bayan sun fito, in sun ga abin tsoro bakinta suke komawa. Wanda ya kama irin wannan uwa, ya buɗe bakinta, zai ga ɗaruruwa. Gaiwa kuwa ta fi kowa wayo. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi ta shaƙar iska ta ƴar kafa har ruwa ya komo.

Ɗiyan kifi suna girma cikin ciyawa, inda abinci yake da yawa kuma akwai maɓoya. In ruwa ya fara janyewa sai su biyo shi zuwa cikin kogi. To, shekarar da ruwa ya bazu da faɗi ya daɗe, kifi yana yawa. Shekarar da ya tsaya cikin kwarinsa, kifi yana ƙaranci. Ambaliyar da ta ci gidaje da gonakin tattasai da shinkafa a 2012 da 2019 da 2022 masifa ce babba ga mutane, amma ga kifi faɗin wurin haihuwa ne. Abin da wuyar faɗa, amma haka yake.

Abin da ya sauya

Tsofaffi suna cewa kifin da ya fi na yanzu girma. Gaskiyarsu. Dalilan suna da yawa, kuma ba duka ne laifin masunci ba.

A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai murabba'in kilometir 25,000. Ruwa yana bakin garin Gigmi. Sai farin shekarun 1970 ya zo. A 1973 tabkin ya rabu biyu, na kudu da na arewa. Na arewa, wanda shi ne namu, ya ƙafe ƙaf cikin wasu shekaru na 1980. Kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan kogunan da ke shiga tabkin daga kogin Shari da Lagon yake zuwa, can kudu. Sai kudu ta cika ta tumbatsa sannan arewa ke samu. Daga shekarun 1990 ruwa ya riƙa komowa ɓangarenmu, amma mara zurfi, mai ciyawa. Irin wannan ruwa ya dace da tarwaɗa da karfasa da bargi. Bai dace da giwan ruwa da tsage ba, masu son ruwa mai faɗi da iska. Shi ya sa banda ta yanzu yawancinta tarwaɗa ce.

A can sama kuma an yi madatsun ruwa. Ta Tiga an gama ta a 1974, ta Calawa a 1992, duka a jihar Kano. Suna ba birnin Kano ruwan sha, suna ba manyan gonaki ruwa. Amma sun sauya yadda ruwa ke sauka zuwa fadamu, kuma kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a yankin Haɗeja da Nguru.

Sai kuma rashin kwanciyar hankali. Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka kwashe mutanen tsibirai. Aka hana su da cinikin kifi, don kada kuɗin ya faɗa hannun ƴan bindiga. Ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka tashi suka koma bakin babbar hanya. Ba sai na ba ku labarin wannan ba, ku kuka sha shi. A 2019 aka ɗage hanin kifi. Amma mutanen da suka rasa gona da dabba suna da yawa, kuma wurin da ake iya zuwa ba tsoro ya ragu. Hannu ya yi yawa bisa ɗan ruwa kaɗan.

Fari da madatsa da tashin hankali ba a hannun masunci suke ba. Abu guda yana hannunsa, shi ne idon tarunsa.

Yatsu uku

A watan Disamba 1998 gwamnatin Nijar ta kafa dokar kamun kifi. Dokar ta hana su da guba da nakiya da wutar lantarki. Ta hana kama ɗiyan kifin da ba su kai haihuwa ba. Ta hana taru mai ƙananan idanu: in idon bai ci yatsu 3 ba, watau santimetir 6 in an miƙe shi, ya yi ƙanƙanta. Wanda ke son sanin ƙa'idar takardar izini da sauran abin da hukuma ke nema yanzu, ya tambayi ma'aikatan ruwa da dazuzzuka na ƙaramar hukumarsa.

Amma ku duba abin da ke faruwa. Gidan sauro da aka raba a asibiti don kare yara daga zazzaɓi, shi ake ja cikin ruwa. Ba abin da ke tsira cikinsa, har ƙwai. Ana jera gura a tare bakin mashigar tabki gaba ɗaya, lokacin da ɗiyan kifi ke fitowa. Wasu kuma suna zuba maganin ƙwari na gona cikin gurbi. Wannan ya fi duka muni. Yana kashe babba da ƙarami, ya bar dafi cikin ruwan da shanu da yara ke sha, kuma wanda ya ci kifin yana iya kwantawa.

Mu yi ɗan lissafi, a matsayin misali. A ce ka kama ƙananan karfasa 20, kowace giram 50. Duka kilo 1 ke nan. A ce an bar su cikin ruwa mai abinci har kowace ta kai giram 200. Ko da rabinsu sun mutu, ko tsuntsu da tarwaɗa sun cinye su, saura 10. Giram 200 sau 10, kilo 2. Ninki biyu ke nan, kuma babban kifi ya fi tsada a kasuwa, ya fi kyau a banda. Bayan haka, kafin a kama su wasunsu sun riga sun zuba ƙwai.

Na san abin da za ku ce, don an sha gaya mini. "Malam, in na bari, maƙwabcina zai kwashe. In mu duka muka bari, na ƙetaren kogi za su kwashe. Kuma yara yau suke jin yunwa, ba baɗi ba." Wannan magana gaskiya ce. Bature yana sakin kifi don abincinsa na jiran sa a masauki. Mu kifin shi ne abincin. Ba wanda zai ce wa mai iyali ya mayar da tarwaɗa mai kilo 3 cikin ruwa don a ɗauki hoto.

Sai dai ba duk ruwa ne ɗaya ba. Akwai tabkin da kowa ya san zai ƙafe kafin bazara ta yi nisa. Kifin da ke ciki ba shi da gobe, a kwashe shi duka, babba da ƙarami, ba asara. Akwai kuma gurbi mai zurfi da ke riƙe ruwa har sabon ruwa ya zo. Kifin da ya kwana a nan shi ne iri. Manomi ko yunwa ta kai ina ba ya daka irin shukarsa. In gari ya zaɓi gurbi ɗaya ko biyu irin wannan, ya ce ba mai sa taru daga yankewar ruwa har zuwan sabo, to manyan mata masu ƙwai za su tsira. Ga inda maganar marlin ta komo: uwa babba guda ta fi ƙanana da yawa ƙwai. Haka kuma makonnin farko na sabon ruwa, lokacin da kifi ke haurawa da ciki cike da ƙwai, su ne lokacin da tare hanya ya fi ɓarna.

Mutum ɗaya ba ya iya wannan. Sai bulama da sarkin ruwa da ƙungiyar masunta da mata masu banda sun zauna sun yarda, kuma an faɗi abin da za a yi wa wanda ya karya. Matan suna da ƙarfi a nan fiye da yadda ake zato: in masu saye suka ƙi ƙananan kifi, mai gidan sauro ba shi da kasuwa. Game da ƙetaren kogi kuwa, mutanen Damasak da na Gaidam danginmu ne, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya ɗaya. Tun ran 22 ga Mayu 1964 Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar tabkin Cadi don irin wannan sha'ani. Amma gurbin da ke tsakanin ƙauye biyu, dattawan ƙauyukan biyu sun fi kowa sanin sa.

Kafin in tashi daga bakin kogi ran nan, na roƙi Baba ya ba ni kallinsa in gwada. Na zura yatsu 3 cikin ido, suka shige ba matsi. Ya yi murmushi, ya ce tun zamanin mahaifinsa haka suke saƙa shi. Sannan ya nuna mini can ƙasa da mu. Yara 4 ne cikin ruwa iya gwiwa, suna jan farin gidan sauro. Ya ce na gaba jikansa ne, ya hana shi har ya gaji, uwar yaron kuwa ba ta da abin sa wa miya. Ya ce ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, zai kai maganar gurbin da ke bayan gonakin shinkafa gaban bulama.